Yatsun Yaya

Shagon maƙerin yana ƙasan bene ne, tsakanin mai gyaran agogo da wata mata mai sayar da zare da maɓallai. Ɗaki ɗaya ne, tsawonsa ya fi faɗinsa. Daga bakin ƙofa akwai akwatin gilas da yake jera zobba da 'yan kunne da awarwaro na azurfa. Daga ciki kuma akwai teburin aiki wanda gugar zarto ta cinye masa baki, da ƙaramar uwar maƙera a kan kututture, da tukunyar gas. Ba mutum ba ne mai yawan magana. In ka kawo aiki zai juya shi a hannu ya ce ka dawo jibi, in kuma ka dawo jibin za ka samu.

A saman bene, daidai kansa, akwai wani matashi da kowa ke kira Mai Haƙori. Ba likita ba ne, ya kuma gaji da faɗin haka. Likitocin haƙori ne ke aiko masa da awon bakin mutane, shi kuma ya ƙera haƙoran da za a saka musu. Da can da kaki da 'yar wuƙa ake wannan aiki, amma shi ya zo da kwamfuta da na'urori biyu. Ɗaya kamar buroshin haƙori take, sai dai ta fi kauri. In aka zagaya abu da ita sai siffarsa ta fito a allo, gaba da baya. Ɗayar kuma akwati ce mai murfi, wadda ke gina duk abin da aka zana a kwamfutar da wani ruwan roba, kaɗan-kaɗan, har ya zama abin riƙewa a hannu.

Tsakaninsu dai gaisuwa ce da tsokana. Mai Haƙori kan ce sana'arsu ɗaya, maƙeri ya yi wa mutum ado daga waje, shi kuma daga ciki. Maƙerin kan ce ai nasa adon ba sai an yi dariya ake ganinsa ba.

Maƙerin yana da yaya mace da ta ba shi shekaru masu yawa. Ita ta ƙarasa rainonsa bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har yanzu da furfura ta cika masa gemu Auta take kiransa, ko a gaban masu sayayya. Tela ce. Tun tana budurwa take kan keke, da shi ta riƙe gida bayan mijinta ya rasu. Irin matan nan ce da ba a yi musu abu, su ke yi wa mutane. In ta zo sayen zare a maƙwabta takan leƙo shagonsa, ta ce ya rame, ta ce wurin yana warin gas, ta wuce.

'Yarta ce ta zo masa da maganar wata rana da hantsi. Ta gaishe shi, ta zauna a kan bencin masu jira, sannan ta ce, "Kawu, ka lura da hannun Mama kuwa?"

Bai lura ba. Ya tuna dai cewa a 'yan watannin nan in ta zo hannayenta suna cikin mayafi, kuma ta daina ɗaukar kayansa tana juyawa tana kushewa. Ya ɗauka gajiya ta yi da kushen.

"Amosanin gaɓɓai ne, in ji likita," 'yar ta ce. "Yatsun sun fara lanƙwashewa ta baya. In ta matsa almakashi sai gaɓar tsakiya ta lotsa ta maƙale, sai ta sa ɗaya hannun ta karyo ta. Yanzu ni nake mata yanka in na taso daga aiki, ita kuma ba ta son yankana."

Ta ciro wata 'yar leda daga jaka ta zazzage a kan gilas. Wasu abubuwa ne na roba masu launin fata, kowanne zobba biyu ne haɗe ta ƙasa, kamar lamba takwas da aka naɗe.

"Waɗannan aka ba ta a asibiti, wai su tare gaɓar kada ta koma baya. Ta sa su sau ɗaya. Duk wadda ta shigo karɓar ɗinki sai ta ce, sannu, me ya same ki? Ka kuwa san ta da sannu. Ta ce ita ba jaka ba ce da za a sa mata dabaibayi. A gwangwanin maɓallai na tsince su."

Maƙerin ya ɗauki ɗaya ya juya shi a hannu. Bai ga wani abin wahala a jikinsa ba. Ya ce ta bar masa su.

Da yamma ya je gidan da ma'aunin zobe a aljihu. Yaya ta saurare shi tana zaune a gaban keke, ta ce ba ta san yaushe maƙera suka zama likitoci ba. Daga ƙarshe dai ta miƙo yatsa ɗaya, ta bar sauran a cikin mayafi, ta ce ya yi sauri. Ma'aunin nasa na yatsu masu lafiya ne, zagayayyu. Nata kuwa gaɓar ta kumbura gefe ɗaya, saman gaɓar kuma siriri ne. Ya ƙera na farko, ya ƙi wuce gaɓar. Ya ƙera na biyu, ya wuce amma yana yawo. Da ya zo da na uku ta ce masa, "Auta, koma ga 'yan kunnenka. Ba zan zauna kullum kana latsa ni kamar mai zaɓen tumatir ba."

A bakin matakala ya ba Mai Haƙori labarin, ba don neman taimako ba, don dai matashin ya tambaye shi me ya sa ya ga ransa a ɓace. Mai Haƙori ya ce, "Kawo ta sau ɗaya. Ni kuma zan ba ka yatsun ka ajiye a shago, ka gwada su yadda ka ga dama, ba za su yi maka faɗa ba."

'Yar ce ta san yadda ta yi ta shawo kan Yaya. Ran nan sai ga su sun hau bene su uku. Ɗakin Mai Haƙori fari ne tas, da sanyin na'ura, ga haƙora jere a kan kanta, na sama da na ƙasa, kowanne da 'yar takarda a jikinsa. Yaya ta tsaya ta dube su.

"Nan ka kawo ni, Auta? Ga bakin mutanen gari duk a wuri ɗaya, amma shiru kake ji."

Mai Haƙori ya yi dariya ya jawo mata kujera, ya shimfiɗa tawul a kan tebur. "Mama, ɗora hannun nan. Ba allura, ba zafi, haske ne kawai."

Ta fito da hannun dama ta ɗora. A ranar ne maƙerin ya ga hannun gaba ɗayansa. Yatsu uku sun lotsa a tsakiya, kawunansu kuma sun sunkuyo, tushen babban yatsa ya yi tudu. Ya san hannun nan tun yana yaro, ya sha mari da shi, ya sha wanka da shi, amma da an nuna masa shi a wani wuri ba zai ce na yayarsa ba ne. Ita kuwa taga take kallo. Mai Haƙori ya riƙa bin yatsun da na'urarsa a hankali, tana 'yar ƙara, hoton yana cika a allo kaɗan-kaɗan har hannun ya tsaya shi kaɗai a can, yana juyawa. Yaya ta waiwayo ta dube shi sau ɗaya, ta ce, "To, an gama?" ta mayar da nata cikin mayafi.

Bayan sun tafi maƙerin ya zauna kusa da Mai Haƙori yana kallon allon. Matashin ya nuna masa yadda ake kusanto da hoton har a ga zanen fata, ya kuma nuna masa cewa ana iya kama gaɓa a juya ta. Yana taɓawa yatsan ya motsa.

"Miƙe shi," maƙerin ya ce.

"Har ina?"

"Har ya koma yadda yake da."

Mai Haƙori ya ce, "Ni fa haƙori na sani, ban san yatsa ba."

"Ai amfanin zoben ke nan, ya miƙar da shi. In muka ƙera shi a kan karkataccen yatsa, me muka yi?"

Maganar ta yi kama da gaskiya, shi kuma Mai Haƙori yana son a ga abin da na'urarsa ke iyawa. Ya miƙe yatsun uku sambal, ya zana zobban a kansu, maƙerin yana tsaye yana cewa rage nan, ƙara can, sa murɗi a sama kamar igiya. Kashegari akwatin ta fito da su da wata roba mai ƙonewa kamar kaki. Daga nan aikin ya dawo ƙasan bene, inda maƙerin ya san hanya. Ya lulluɓe su da farar ƙasar zubi, ya gasa har robar ta ƙone ta bar gurbinta, ya narka azurfa ya zuba. Da ya fasa, ya goge, ya wanke, sai ga zobba uku da shi kansa bai taɓa fitar da murɗi mai kyansu da hannu ba. Mai gyaran agogo ya leƙo ya ce ko a wane shago aka ajiye su ba za su kwana ba.

Sai da aka sa sabulu suka shiga yatsun Yaya. Maƙerin ya ga ta cije leɓe.

"Da ciwo?"

"Ka taɓa ganin ado babu ciwo?" Ta ɗaga hannun tana kallo, yatsun a miƙe cikin azurfa. Ba ta kushe ba. Ya koma shago yana jin ya yi wani abu.

Bayan kwana biyu, da safe yana buɗe shago, 'yar ta kira shi a waya. Ta ce ya zo da abin yanka ƙarfe.

Ya same ta zaune a bakin gado, hannun a cikin kwanon ruwan sanyi. Yatsun sun kumbura sun haɗiye zobban, na tsakiya har ya fara canza launi. 'Yar ta ce tun ranar farko suke mata zugi, amma ta ƙi cirewa, duk wadda ta shigo sai ta nuna mata ta ce ƙanenta ne ya yi. Da ta ga abin ya fi ƙarfinta ta gwada sabulu da mai, suka ƙi fita.

"Me ya sa ba ki faɗa ba, Yaya?"

"Na ɗauka sabo ne, kamar takalmi."

Ya durƙusa a gabanta, ya ɗora hannun a kan gwiwarsa. Ya tura wani siririn ƙarfe tsakanin zoben da fata don kada zarto ya taɓa ta, turawar da ta sa ta runtse ido. Sannan ya fara yanka. Zarton siriri ne kamar gashi, ba a gaggawa da shi. Garin azurfa yana zuba a kan wandonsa, gumi yana zuba a kan garin.

"Ka daina huci haka," ta ce. "Ranar da ka cusa kanka a ƙarfen taga ni na ciro ka, ban yi wannan nishin ba."

Ya yanka kowane zobe wuri biyu, ya sa awartaki ya buɗa. A ƙarƙashin na tsakiya fata ta saɓule, sauran biyun kuma sun bar shaida ja. Ya tattara guntayen ya zuba a aljihu. 'Yar ta ce asibiti za su, ya ce zai bi su.

Likitar gashin ƙashi mace ce mai matsakaicin shekaru, da tabarau rataye a wuya. Ita ce ta ba da robobin tun farko. Ta wanke ciwon ta ɗaure, sannan ta ce a nuna mata abin da ya yi wannan aikin. Maƙerin ya zube guntayen a kan tebur. Ta haɗa biyu ta duba ta ciki.

"Wa ya ƙera?"

"Ƙanena," Yaya ta ce, ba yabo ba fallasa.

"Malam, hannunka ya iya aiki. Amma wannan zoben na wani yatsa ne, ba na wannan ba." Ta ɗauki nata yatsan ta nuna masa. "Ba a miƙe shi da ƙarfi. Abin da ya lalace a cikin gaɓar ya riga ya lalace. Aikin zoben shi ne ya tsaya kamar shinge, ya hana ta komawa baya, ya bar ta ta lanƙwaso gaba yadda take so. Har ma an fi so ta zauna a ɗan sunkuye. Sannan yatsan da ka gani da safe ba shi ne na yamma ba, wata rana ya kumbura, wata rana ya saɓe. Dole abin ya zama ana iya ɗan buɗa shi, a ɗan matse shi."

Ta faɗi wannan duka ba tare da ɗaga murya ba, shi kuma ya ji shi kamar an wanke shi da ruwan zafi. Ya tambaye ta ko na azurfa ba ya yiwuwa ke nan. Ta ce yana yiwuwa, ta taɓa gani a wurin wani taro, sai dai ba ta san mai yi ba a nan kusa. Robar ma ba don ta fi ba ake bayarwa, don ita ake da ita. Ya ba ta labarin na'urar maƙwabcinsa. Ta ɗan yi tunani, ta ce in ciwon ya warke su zo da na'urar ranar da Mama za ta dawo, ita za ta riƙe yatsan yadda ya kamata a ɗauki hoton a haka.

Da ya koma ya hau bene ya ajiye guntayen a gaban Mai Haƙori. Matashin ya dube su ya ce, "Da na ƙi."

"Da na tambaya," maƙerin ya ce. Iyakar abin da suka ce ke nan a kan laifin.

Yaya ce ta ba da wahala. Ta ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ita yatsu goma kawai Allah ya ba ta, ba ta da na gwaji. Maƙerin bai roƙe ta ba, don bai ga bakin roƙo ba. Amma makonnin da ta yi da hannu a ɗaure sun isa ta ga abin da ke zuwa. Masu kawo ɗinki sun fara cewa bari su bar ta ta huta, wata ma ta zo ta karɓe yadinta. Ranar komawa asibiti ta ce wa 'yarta, "Kira kawunki da wancan yaron na haƙora. In za su zo su zo, ni dai ba na jira."

Mai Haƙori ya rufe ɗakinsa ya ɗauko kwamfutar a jaka. A ɗakin likitar aka yi aikin, ana jin hayaniyar masu jiran layi daga waje. Likitar ta riƙe kowane yatsa a ɗan sunkuye, ta sa biro ta zana a kan fatar inda ƙarfe zai kwanta, ta yi ɗigo a inda ba a so ya taɓa. Na'urar ta kwashe har da zanen biron. Da likitar ta sake maganar kumburi, Mai Haƙori ya ce wannan mai sauƙi ne, zai fitar da kowane yatsa sau biyu, ɗaya yadda yake yanzu, ɗaya kuma ya ɗan ƙara masa kauri kamar na ranar ciwo. Ya zana layukan biron su zama 'yan kwari a jikin robar, yadda maƙeri zai ji su da farce.

Wannan karon ba zoben aka fitar da na'ura ba, yatsun aka fitar. Maƙerin ya ce azurfar zubi ba ta son a riƙa lanƙwasa ta ana miƙewa, tsagewa take yi. Wadda aka ja aka buga ita ke da haƙuri. Ya narka guntayen zobban farko ya zuba sanda, ya buga ta a kan uwar maƙera, ya gasa, ya riƙa jan ta cikin ramukan farantin ƙarfe daga babba zuwa ƙarami har ta zama waya, cikinta a shafe, bayanta a zagaye. Yatsun robar kuwa ya kafa su a tsaye a kan wani katako a tsakiyar teburinsa. Mai gyaran agogo ya shigo aron abin hura wuta, ya gan su, ya ja da baya yana salati, ya ce a riƙa rufe su da tsumma don girman Allah.

Aikin ya ci masa kwanaki, don yana yi ne yana sauraron masu sayayya. Ya naɗa wayar a kan yatsan, ya cire, ya gyara, ya mayar a kan mai kaurin, ya sake cirewa. Yatsun ba su gajiya, ba su janyewa, don haka ya samu ya kalle su yadda bai taɓa kallon na jikinta ba. A kan manuniya akwai 'yan ramuka cunkus inda allura ta yi shekaru tana suka. A gefen na tsakiya akwai kanta inda almakashi ke zama. Akwai wani tabo a kan na kusa da ƙarami da bai san labarinsa ba. Ya liƙe mahaɗar da wuta, ya bubbuga da ƙaramar guduma don ƙarfen ya yi ƙwari, ya goge cikin har ya yi santsi kamar cikin cokali. Murɗin igiya bai sake sawa ba. Ya bar saman da sawun guduma kawai, yadda haske ke karyewa a kansa.

A gaban likitar aka gwada. Ya zo da awartaki biyu da aka naɗe bakinsu da fata. Na farko ya shiga ba sabulu. Na biyu likitar ta ce a ɗan buɗa shi, ya buɗa. Na uku ta ce ya sauko da mahaɗar kaɗan, ya sauko da ita. Ta sa Yaya ta dunƙule hannu ta buɗe, ta dunƙule ta buɗe, sannan ta cire zobban ta duba fatar, ta mayar.

Yaya ta buɗe jakarta ta ciro almakashinta da wani ƙyalle, ashe da su ta zo. Ta shimfiɗa ƙyallen a kan teburin likita ta sa almakashi. Gaɓar ta je ta jingina da azurfa ta tsaya. Ta yanka ƙyallen har ƙarshe, ta juya shi ta yanka wuyan riga, abin da ba ya yiwuwa sai da murɗa hannu. Sannan ta shafa ƙyallen da bayan yatsun.

"Na tsakiyar nan yana kama zare, Auta. Ba ka goge shi da kyau ba."

Ya karɓa ya duba. Gaskiyarta ce, akwai ɗan tsini a wurin liƙin.

Likitar ta kafa sharaɗi: a fara da sa'a kaɗan a rana, a cire in za a kwanta, in fata ta yi ja a zo. 'Yar ta ce ita za ta sa ido. Yaya ta ce ta ga alama yanzu iyayenta sun yi yawa.

Babban yatsan ne ya gagare su. Sun gwada da waya, bai riƙe ba. Mai Haƙori ya zana wani mai faɗi da ke rungumar tushen yatsan, aka yi zubinsa, ya riƙe amma ya hana ta kama allura. Suka sake wani, shi ma haka. Likitar ta ce su bar shi, wannan gaɓar ta wuce abin da zobe zai yi mata. Don haka yadi mai kauri da labule sun fita daga hannun Yaya, ta koma ga rigunan mata da na yara, mai kaurin kuma ta haƙura ta bar wa 'yarta yankan, tana tsaye a kanta tana gyara mata riƙo. Hannun hagu ma an yi masa biyu daga baya.

Masu zuwa karɓar ɗinki suka koma tambayar inda ta samo zobban. Takan ce sabon yayi ne. Wata matar ma da yatsunta lafiya lau ta zo shagon ta ce a yi mata irin na tela, maƙerin ya yi mata, bai ga dalilin bayani ba. Likitar kuma ta fara turo mutane: wani direban babbar mota, wata malamar makaranta da alli ya fara gagararta, wani tsoho da ke son ya iya ɓalla maɓallin rigarsa da kansa. Ita ke zana layin, Mai Haƙori ya fitar da yatsun, maƙerin ya naɗa. Sukan yi musu su biyun. Mai Haƙori yana ganin da za a bar shi ya zana zoben gaba ɗaya a yi zubi, da aikin ya fi sauri. Maƙerin yana ganin saurin nan sun riga sun ɗanɗana shi. Daga baya suka raba: duk wanda gaɓarsa ba ta kumburi, kamar direban da rauni ne ya karkatar masa da yatsa, a yi masa zubi da duk adon da yake so, sauran kuma waya. Na direban ya fito da kyau, Mai Haƙori ya daɗe yana tuna wa maƙerin.

Ciwon dai bai tsaya ba, likitar ma ta ce ba zai tsaya ba. Shekara ba ta zagayo ba zoben manuniya ya fara matse ta, aka sake ɗaukar hoto aka sake wani. Wata rana kuma ta shigo shagon da na tsakiya a lauye, ta ajiye masa a kan tebur.

"Me ya same shi?"

"Murfin gwangwani na buɗe da shi."

"Yaya, ba don haka aka yi shi ba."

"To, a hannuna yake, da me kake so in buɗe?"

Ya jawo katakon, ya zura zoben a yatsan robar, ya fara daidaita shi da awartaki. Ita kuma ta zauna a kan kujerarsa ta bayan gilas. Wani saurayi ya shigo neman 'yan kunne, yana ta nuna wasu manya masu lilo. Ta tambaye shi wa zai saya wa, ya ce ƙanwarsa ce ta gama makaranta. Ta tambayi tsawonta da faɗin fuskarta, ta ce waɗancan za su ja mata kunne, ta ciro wasu ƙanana ta naɗe masa. Da ya fita ta juyo.

"Ka yi sauri, Auta. Akwai rigar da za a zo karɓa da la'asar, ban sa mata hannu ba."